A Tona Kafin a Tsaga: Danƙarewar Ƙasa da Noman Masara Ba Huɗa a Ƙasar Bici

Gabatarwa

Shawarwari biyu suna yawo a littattafan aikin gona da bakin masana game da noman masara, kuma labarinsu ya fara isowa kunnen manomanmu. Ta farko tana cewa a daina huɗa da haro, a fesa maganin ciyawa, a shuka kai tsaye, a bar ƙasa ta huta da juyi. Ta biyu kuwa tana cewa ƙasar gonakinmu ta danƙare daga ƙarƙashi, don haka a kawo tarakta da dogon ƙarfe a tsaga ta. Kowace daga cikinsu tana da hujjarta ta kimiyya, kuma kowace ta yi amfani a wasu ƙasashe. To amma manomin Badume ko Saye ko Ɗanzabuwa, wanda gonarsa ba ta cika kadada guda ba, ba shi da kuɗi ko damina ta biyu da zai yi gwaji da su.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kada a bar huɗa a gonar masara, kada kuma a biya kuɗin tsaga ta, sai an tona rami an ga halin da saiwa take ciki. Tonon nan ba ya bukatar komai sai fartanya da shebur da ido, kuma aiki ne da ɗaliban sakandare za su iya yi wa iyayensu.

Mece ce danƙarewar ƙasa?

Mai karatu ya san yadda ake daɓen ɗaki. Akan zuba ƙasa, a yayyafa mata ruwa, a yi ta bugu da maɗaɓi har ta yi tauri. Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, sai mai laima. Abin da ke faruwa shi ne, ruwa yana sa ƙwayoyin ƙasa su riƙa zamewa a kan juna, bugu kuma yana cusa su cikin 'yan ƙofofin da ke tsakaninsu. Da zarar ƙofofin sun toshe, daɓe ya samu. Danƙarewar ƙasar gona ita ma haka take, sai dai maɗaɓin ya zama tayar tarakta ko bakin garma ko kofato.

Ƙasar noma mai lafiya kusan rabinta ƙofofi ne, waɗanda iska da ruwa suke zama a ciki. Masana suna gane yawan ƙofofin ta hanyar auna nauyin busasshiyar ƙasa. Idan babu ƙofa ko ɗaya, kowane murabba'in santimita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya zai kai kimanin giram 2.65. Idan aka auna aka sami giram 1.5, to kashi 43 cikin 100 na ƙasar ƙofofi ne. Idan ya hau zuwa giram 1.8, ƙofofin sun ragu zuwa kashi 32. A ƙasar jigawa, daga wajen 1.8 ɗin nan saiwa take fara gazawa. A ƙasar laka kuwa tun wajen 1.5 take gazawa. Manyan ƙofofi, waɗanda ruwan sama yake bi ya nutse, su ne suke fara toshewa.

Abin da ke samun saiwa

A ƙasa mai laushi saiwar masara tana iya nutsawa fiye da mita guda. Idan ta ci karo da daɓe a zurfin santimita 20, sai ta yi kauri, ta lanƙwashe, ta bi gefe. An daɗe ana zaton taurin ƙasa kawai ke tsayar da ita. Amma a shekarar 2021 masu bincike na Jami'ar Nottingham ta Ingila, tare da takwarorinsu na ƙasar Sin, sun nuna cewa saiwa tana fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ita ce dai take nunar da ayaba da mangwaro. A ƙasa mai ƙofofi iskar takan watse. A danƙararriyar ƙasa kuwa sai ta taru a bakin saiwar, tsiro ya ɗauki hakan a matsayin alamar ya dakata. Shinkafar da aka gwada wadda ba ta jin wannan iska ta fi ratsa ƙasa mai tauri.

Illar gajeriyar saiwa a fili take idan muka yi lissafi. A ƙaddara ƙasar jigawa tana riƙe wa tsiro ruwa milimita 80 a kowace mita ta zurfi, masara kuma tana shan kimanin milimita 5 a rana lokacin da take fitar da kai da goyo. Saiwar da ta tsaya a santimita 20 tana da ajiyar milimita 16, wato ruwan kwana uku. Wadda ta kai santimita 80 tana da milimita 64, wato ruwan kusan kwana goma sha uku. A yankin da ruwa yakan ɗauke na mako guda ko biyu a tsakiyar damina, wannan bambanci shi ne tsakanin cika rumbu da tashi da kara zalla.

Haka kuma idan ruwa ya yi yawa, daɓen yana hana shi nutsewa, sai ya kwanta a kwarin kunya. Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, don haka sai ta shaƙe, ganye ya yi rawaya. A wannan hali wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna mayar da sinadarin naitirojin na takin zamani iska ya tashi. Sai manomi ya ce takin bana ba shi da kyau, alhali laifin yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Daga ina daɓen yake zuwa?

A nan ne ya kamata mu bambance halinmu da na Amurka da Turai, inda yawancin rubuce-rubuce kan wannan batu suka fito. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa injin girbi cike da hatsi ya tashi daga nauyin kimanin tan 4 a 1958 zuwa kimanin tan 36 a 2020. Irin wannan nauyi yana danƙare ƙasa har zuwa rabin mita ko fiye. Taraktocin da ake haya a ƙasar Kano, irin su Massey Ferguson 375, ba su kai ko kusa da haka ba. In ban da inda tifa ko babbar mota ta shiga gona da damina, da wuya a sami daɓe mai zurfi irin nasu a Bici.

Namu daɓen na kusa ne, kuma sanadinsa uku ne. Na farko shi ne haro. Fayafayan haro suna yanka a zurfi ɗaya kowace shekara, wajen santimita 10 zuwa 15, suna laulaye ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Da yake taraktocin ba su da yawa, kowa kuma yana son a yi masa aiki da saukar ruwan fari, sau da yawa akan shiga gona ƙasa tana jiƙe sharkaf. Ruwa da nauyi sun haɗu ke nan, kamar a daɓen ɗaki. Na biyu shi ne garmar shanu, wadda ita ma bakinta yana gogar wuri ɗaya shekara da shekaru. Bugu da ƙari, idan an raba kunya, sabuwar kunyar tana hawa ne a kan kwarin bara, wanda mutane da shanu suka tattake damina guda. Na uku shi ne ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da taki a cikin ƙasa. Ƙasar da ba ta da su ba ta dunƙulewa, kuma ɗigon ruwan sama kaɗai ya isa ya yi mata ɓawo a sama. Idan abin ya yi tsanani, gona ta zama fako.

Dabbobin da suke kiwo a gonaki da rani kuwa ba su ne masu babban laifi ba. Kofato ba ya danƙare fiye da 'yan santimitoci na sama, busasshiyar ƙasa kuma ba ta daɓuwa, sannan ga kashin da suke bari. Ya kamata kuma a sani cewa ba kowace gona take da daɓe ba. Jigawa mai yashi sako-sako takan tsira, yayin da ƙasa mai laushin yashi da ɗan yumɓu ta fi saurin kamuwa. Gonaki biyu masu iyaka ɗaya za su iya bambanta.

Noma ba huɗa da sharaɗinsa

Wannan dabara ta samo asali ne daga bala'in guguwar ƙura da zaizayar ƙasa da ya auka wa tsakiyar Amurka a shekarun 1930. A 1962 wani manomi mai suna Harry Young ya shuka masara ba tare da juya ƙasa ba a jihar Kentaki. A 1972 Herbert Bartz ya fara hakan a jihar Parana ta Barazil. A nan Nijeriya, Rattan Lal, wanda aka ba Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2020, ya yi shekarun 1970 yana bincike a kai a cibiyar IITA da ke Ibadan, inda ya nuna cewa barin ƙasa a rufe yana rage zaizaya ƙwarai. Amfanin dabarar gaskiya ne: tana rage kuɗin huɗa, tana ba da damar shuka da wuri, tana tsare laima.

Sai dai tana da sharaɗi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gindaya ginshiƙai uku: rage juya ƙasa, rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar gona da kara ko ganye, da kuma sauya amfanin gona. Ginshiƙi na biyu shi ne wuyar aiki a gare mu. Ƙasar Bici tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ke kewaye da birnin Kano, wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, inda ake noma gona kowace shekara ba a barin saura. A nan kara dukiya ne. Da shi ake darni, da shi ake girki, shi dabbobi suke ci, harawa kuwa kuɗi ce a kasuwa. Binciken da Frances Harris ta yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa a shekarun 1990 ya nuna hikimar wannan tsari: harawa ta tafi gida, tumaki da awaki su ci, taki ya dawo gona. Wanda ya ce wa manomi ya bar kara a gona yana ce masa ya rage abincin dabbobinsa ne. A 2009 Ken Giller da abokan aikinsa sun yi kashedi cewa wannan gasa a kan kara tana cikin manyan dalilan da suke hana dabarar karɓuwa wurin ƙananan manoman Afirka.

To me zai faru idan aka bar huɗa a gonar da take tsirara, kuma da daɓe a ƙarƙashinta? Kunya, duk da aibinta, tana tara wa saiwa ƙasa mai laushi, tana ɗaga ta daga ruwan da ya kwanta. Idan aka janye kunyar ba a fasa daɓen ba, ba a kuma rufe ƙasa ba, an bar masara tsakanin ɓawo a sama da daɓe a ƙasa. Barin huɗa yana hana sabon daɓe samuwa, amma ba ya kawar da tsoho cikin damina ɗaya ko biyu. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Garmar tsaga: amfaninta da iyakarta

Garmar tsaga dogon haƙorin ƙarfe ne da tarakta take ja a zurfin santimita 30 zuwa 45 ko fiye. Ba ta juya ƙasa, sai dai ta ɗaga ta ta farfasa daga ƙarƙashi, don haka ba ta saɓa wa noma ba huɗa ba. A jihohin kudu maso gabashin Amurka, irin su Jojiya da Alabama da Karolina, masu ƙasar yashi da daɓe a ƙarƙashi, manoma suna tsaga layin shuka kaɗai, kuma amfanin gona yana ƙaruwa, musamman a shekarar ƙarancin ruwa. Amma da yawansu sai sun maimaita kowace shekara, domin ƙasar tana sake haɗewa. A gonakin da ba su da daɓe kuwa, gwaje-gwaje da dama ba su nuna ribar da ta biya kuɗin mai ba.

Tsaga aiki ne mai tsada. Kowane haƙori yana bukatar ƙarfin doki 30 zuwa 50, wato tarakta mai ƙarfin doki 75 ba za ta ja fiye da ɗaya ko biyu ba. Tana kuma da lokaci. Idan ƙasa ta jiƙe, haƙorin zai ratsa ta ne kamar wuƙa a cikin man shanu, ya laulaye gefe da gefe, ya ƙara ɓarna. Idan ta bushe ƙayau a tsakiyar rani, sai ya tayar da manyan hoge ko ya karye. Lokacin da ya dace a wurinmu shi ne da kaka, bayan girbi, sa'ad da ƙasa take marmashewa a hannu. Bakin haƙorin ya wuce ƙasan daɓen da 'yan santimitoci kawai. Sannan ƙasar da aka tsaga ta fi kowace saurin danƙarewa, don haka idan tarakta ta sake bi ta kanta da ruwan fari, an yi asarar kuɗin. Inda kuwa taurin na marmara ne ko tsakuwa, ƙarfe ba shi da abin da zai yi.

Tun da daɓenmu na kusa ne, ba lalle sai babbar tarakta ba. A ƙasar Zambiya, tun shekarun 1990 ake amfani da wani siririn haƙori da aka yi wa laƙabi da Magoye, sunan tashar binciken da ta ƙera shi. Ana ɗaura shi a jikin garmar shanu, a tsaga layin shuka kaɗai kafin damina, a zuba taki a cikin tsagar, a riƙa shuka a layin nan kowace shekara. Maƙeranmu da suke ƙera garmar shanu ba za su gaza yin irinsa ba. Abin da ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar KNARDA su gwada ke nan a gonakin manoma, a ga yadda zai yi da irin ƙasarmu da ƙarfin shanunmu.

Gwaje-gwaje uku ga ɗalibai

Na farko shi ne gwajin rodi. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai yawa, a ɗauki rodi mai tsini, a danna shi a hankali a wurare goma a gona, a rubuta zurfin da ya yi tauri da kuma inda ya sake yin laushi. A kwatanta da gindin shinge, inda garma ba ta zuwa. Kada a yi wannan gwaji da rani, domin busasshiyar ƙasa kowace iri tauri gare ta.

Na biyu shi ne gwajin gwangwani. A yanke saman babban gwangwanin tumatir da gindinsa, a kafa shi a ƙasa, a zuba ruwa kofi biyu, a duba agogo. A sake yin haka a kan wani mataki da aka haƙa a zurfin da rodi ya tsaya. Idan ruwan sama ya nutse nan da nan, na ƙasa kuwa ya daɗe, akwai alamar daɓe.

Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne rami. Lokacin da masara ta fitar da kai, a haƙa rami mai zurfin santimita 60 a gindin tsiro guda, a karce bangon ramin da wuƙa daga sama zuwa ƙasa. Idan saiwa ta bazu ta nutse, gonar ba ta bukatar tsaga, sai a nemi matsalar wurin taki ko iri ko wuta-wuta. Idan saiwar ta yi kwance a layi ɗaya, ƙasar wurin kuma tana ɓarewa falle-falle, to ga daɓe nan, ga kuma zurfinsa. Malamin aikin gona ko na ilimin halittu da ya raba ɗalibansa suka yi haka a gonaki ashirin na ƙauyensu ya samar wa garin bayanin da babu shi a kowane littafi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici za su iya tattara irin wannan sakamako daga makarantun da suke koyon koyarwa.

Ma'aikatan da ba a biya

Ƙarfe yana buɗe ƙofa, amma masu rai ne suke hana ta rufewa. A ƙasashen sanyi tana ce take wannan aiki. A wurinmu babban ma'aikacin shi ne gara. Manoman Yatenga ta Burkina Faso, cikinsu har da marigayi Yacouba Sawadogo, sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da rani suna zuba taki a ciki. Takin yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanya. Hausawan Illela ta jihar Tawa a Nijar sun ɗauki dabarar tun ƙarshen shekarun 1980, suna kiran ta tassa. Binciken Abdoulaye Mando a Burkina Faso a shekarun 1990 ya tabbatar da cewa shimfiɗa ciyawa a kan ƙasa mai ɓawo ya fi yin tasiri inda gara ta shiga. Gaskiya ne gara takan yi wa masara ɓarna, musamman idan tsiro ya wahala ko ya bushe a tsaye, amma kashe ta baki ɗaya korar mai haƙa ne na kyauta.

Saiwa ma tana haƙa. Gawo yana tura saiwarsa can ƙasa, ya zubar da ganye da damina ba tare da ya yi wa amfanin gona inuwa ba. Gamba da ake bari a iyakar gona tana saƙa ƙasa da saiwoyinta. Kowace saiwa da ta mutu ta ruɓe tana barin hanya ga ta baɗi. Saboda haka haɗa masara da wake da gyaɗa, da yanke kara a bar tushensa a ƙasa maimakon tuge shi, da zuba takin gida a layin shuka, duk magungunan daɓe ne da manomin Bici ya riga ya saba da su.

Kammalawa

Shawarata ga manomi mai son gwada noma ba huɗa ita ce ya bi matakai a jere. Ya tona ya duba. Idan akwai daɓe, ya tsaga layin shuka sau ɗaya da kaka, da shanu in zai yiwu. Ya zuba taki a tsagar, ya rufe da abin da ya samu na shara da ganye. Ya hana tarakta da amalanke shiga gona tana jiƙe, in kuwa dole ne, su bi hanya ɗaya kullum. Ya fara da 'yan layuka kaɗan kusa da kunyarsa ta gado, ya auna abin da kowane ɓangare ya ba shi damina biyu ko uku. Ga hukumomi kuwa, kafin a kashe kuɗin jama'a wajen sayo garmar tsaga, a fara ba kowane malamin gona rodi da shebur, a koya masa karanta bangon rami. Likitan kirki ba ya yanka mara lafiya sai ya duba shi, gona ma tana da wannan haƙƙi a kanmu.